Yadda Kiɗan Coci Ya Kai ga Digiri na Biyu

A 2026 ne makarantar Westminster Choir College ta Amurka ke cika shekara 100 da kafuwa, sai dai bikin bai same ta a harabar da duniya ta san ta da ita ba. Jami'ar Rider, wadda ta haɗe da ita a 1992, ta yi yunƙurin sayar da ita ga wani kamfanin ƙasar Sin a 2018 a kan dala miliyan 40. Tsofaffin ɗalibai da malamai suka garzaya kotu, ciniki ya wargaje a 2019, amma duk da haka a 2020 aka kwashe ɗaliban daga Princeton aka mayar da su Lawrenceville. Rigimar ta farfaɗo da wata tsohuwar gardama da ake yi a majami'u da yawa: wai sai mutum ya yi digiri na biyu kafin ya ja ragamar waƙa ranar Lahadi? Wa ma ya ƙirƙiro wannan digiri, kuma don me?

Farkon labarin duhu ne. An daɗe ana jingina makarantar mawaƙan Roma ga Fafaroma Gregory na Farko, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, ko da yake masana na ganin bayan zamaninsa ta tsaya da ƙafafunta. Abin da ya tabbata shi ne, a bakin malami ake ɗaukar waƙa, yaro ya shekara da shekaru yana haddacewa. A wajajen 1025 wani ɗan zuhudu, Guido na Arezzo, ya fito da rubuta sauti a kan layuka, abin da ya rage wahalar hadda ƙwarai. Jami'ar Cambridge ta ba Henry Abyngdon digirin kiɗa a 1464, shi ne na farko da aka samu a rubuce. Amma wannan digiri ba na zaman aji ba ne. Mutum ya riga ya gwanance a wajen aikinsa, sai ya zo ya nemi jami'a ta shaide shi, sau da yawa a ce ya tsara waƙar sujada a rera a gaban jama'a.

Daga nan nake so mai karatu ya lura da Johann Sebastian Bach, domin a kansa ra'ayina ya tsaya. Lokacin da aka ɗauke shi jagoran waƙa a cocin Thomas na birnin Leipzig a 1723, shi ne zaɓi na uku. Majalisar gari ta fara neman Telemann, sannan Graupner, dukansu sun taɓa zama a jami'a, shi kuwa bai taɓa ba. Aikin ya haɗa da koyar da yara Latin, sai ya riƙa biyan wani daga aljihunsa ya yi masa. Ya shafe shekaru yana takun saƙa da majalisa da shugaban makaranta a kan wa ke da ikon zaɓen yaran da za su ja waƙa, har ya nemi laƙabi daga fadar Dresden, ya samu a 1736, don kawai maganarsa ta yi nauyi. Mutumin da har yau ake karanta ayyukansa a kowace makarantar kiɗan coci ya rasu a 1750 ba shi da takardar jami'a, amma sai da ya tura 'ya'yansa Wilhelm Friedemann da Carl Philipp Emanuel suka karanta shari'a a jami'a. Ya san abin da rashin takarda ya jawo masa a gaban masu mulki.

Bayanin da aka fi yi a kan asalin digiri na biyun shi ne kiɗan ne ya yi wuya, ogan ya ƙara girma, waƙoƙi suka ƙara sarƙaƙiya, sai ya zama dole a tsawaita karatu. Wannan bai gamsar da ni ba. Tun 1864 Ingila ke da Kwalejin Masu Kaɗa Ogan, wadda jarrabawarta ke tace gwani daga ɗan koyo ba tare da digirin kowa ba, kuma Amurkawa suka kafa irin tata a 1896. In gwanintar yatsu ce kaɗai damuwar, an riga an magance ta.

Bayani na biyu ya fi ƙarfi: gyara ne. A ƙarni na 19 kiɗan gidajen wasan kwaikwayo ya mamaye majami'un Katolika, har ta kai mutum ya shiga sujada ya ji kamar dandali ya shiga. Masu kishin gyara suka tashi a Jamus, Franz Xaver Witt ya kafa ƙungiyar Cecilia a 1868, Franz Xaver Haberl ya buɗe makarantar kiɗan coci a Regensburg a 1874. Ranar 22 ga Nuwamba 1903 Fafaroma Pius na 10 ya fitar da umarni wanda ya mayar da tsohuwar rerawar Gregory kan gaba, ya kuma nemi a kafa manyan makarantun kiɗan ibada. Ta Roma ta buɗe a 1911, a 1914 aka ɗaga ta ta zama cibiyar Fafaroma mai ikon ba da digiri. Wannan gaskiya ne, kuma ya bayyana dalilin kafa makarantu. Abin da bai bayyana ba shi ne dalilin da ya sa takardar ta zama digiri na biyu, kuma a cikin makarantar horar da fastoci.

Amsar tana New York. A 1928 makarantar tauhidi ta Union, a zamanin shugabancin Henry Sloane Coffin, ta buɗe sashen kiɗan ibada ƙarƙashin Clarence Dickinson da matarsa Helen. Shi gogaggen mai kaɗa ogan ne na cocin Brick Presbyterian, ita kuma tana da digirin digirgir daga Heidelberg tun 1901, tana koyar da tarihin fasahar addini. Tsarinsu shi ne sai mai digiri na farko zai shiga, ya yi zama a aji ɗaya da masu shirin zama fastoci, ya karanta Littafi Mai Tsarki da tarihin ikilisiya da tsarin sujada, su ma fastocin gobe su ɗanɗana darasin waƙa. A ganina nan ne asalin abin. Mai kiɗan coci ya gaji da zama ɗan haya wanda ake kira ya kaɗa ya tafi. Yana son kujera a teburin da ake yanke shawarar yadda sujada za ta gudana, kuma a wancan teburin ba a sauraron wanda takardarsa ba ta kai ta fasto ba. Ciwon da ya dami Bach ne aka nemo wa magani bayan shekara kusan 200.

Ko a wajen waɗanda ba ruwansu da ogan haka abin yake. 'Yan Baftis na kudancin Amurka, masu waƙoƙin bishara na tarurrukan farkawa, sun buɗe sashen waƙa a makarantar tauhidi ta Southwestern da ke Texas tun 1915 ƙarƙashin I. E. Reynolds, ta Louisville kuma ta buɗe nata a 1944. Waƙoƙinsu masu sauƙi ne, kowa na iya kamawa a ji na biyu. Da wuyar kiɗa ce ke haifar da digiri, da ba su nemi shi ba. Ita ma Westminster, wadda John Finley Williamson ya fara a cocin Dayton a 1926, burinta shi ne ta yaye mutanen da ikilisiya za ta ɗauka cikakken aiki, da albashi da ofis, a lissafa su cikin masu hidima.

Sharuɗɗan digirin kansu shaida ne. A yawancin makarantun Amurka karatun shekara biyu ne. Kafin a ɗauke ka sai ka kaɗa ko ka rera a gaban malamai, a gwada kunnenka da saninka na ƙa'idojin sauti da tarihin kiɗa, in aka ga giɓi a sa ka cike shi ba tare da an lissafa maka ba. Daga nan ka zaɓi fanni, ko ogan, ko jagorancin kwaya, ko murya, ko tsara waƙa, kuma ba ka fita sai ka yi wasa na kanka a bainar jama'a. Gefe guda ga nazarin waƙoƙin sujada, wa ya rubuta, a wane hali, me suke koyarwa. Ga darussan tauhidi. Ga aikin sa-ido a wani coci, inda ɗalibi zai tsaya ranar Laraba da dare gaban mutum goma sha biyu da suka taso daga aiki a gajiye, biyu daga ciki ba sa iya karanta sauti, ya fitar da waƙar Lahadi daga bakinsu. Babban kaso na wannan jeri ba ya ƙara wa yatsu sauri ko kaɗan. Amfaninsa shi ne in fasto ya ce a rera kaza a jana'iza, mai waƙa ya iya cewa a'a da hujja.

Jamusawa ma ba su ɓoye alaƙar takarda da albashi ba. Tun 1822 Berlin ke da cibiyar kiɗan coci da Carl Friedrich Zelter ya kafa, daga baya kuma suka tsara jarrabawa hawa-hawa. Ta C ta masu yi a lokacin hutu ce, ta B karatun shekara huɗu, ta A ƙarin shekara biyu, inda ake matsa wa ɗalibi ya iya ƙirƙirar kiɗa nan take a kan waƙar da aka miƙa masa. Su kansu guraben aikin an raba su A da B, albashi kuma yana bin harafin. Da aka daidaita tsarin jami'o'in Turai bayan yarjejeniyar Bologna ta 1999, B ta koma digiri na farko, A ta koma na biyu.

Abin da kujera da albashi suka gina, rashinsu ne ke rushe shi. Union ta rufe sashenta a 1973 saboda ƙarancin kuɗi. Sa'a ta zo daga iyalan Miller na Columbus a jihar Indiana, waɗanda suka ba Jami'ar Yale kyauta mai tsoka, Robert Baker da abokan aikinsa na Union suka koma can suka kafa cibiyar da har yau ke raye. Sauran ba su sami irin wannan gata ba. Jita da ganga da majigi suka maye gurbin ogan da littafi a dubban majami'u, aka daina neman mai digirin ogan, ɗalibai suka ragu. A 2009 makarantar Louisville ta narkar da sashen kiɗanta cikin wani sashe. Sababbin digirori suka fito a kan nazarin sujada da jagorancin ƙungiyar makaɗa. Ba na cikin masu kukan mutuwar ogan, kayan kiɗa kayan aiki ne. Abin da ke damuna shi ne inda aka zubar da nazarin kalmomin waƙa tare da shi, aka bar ikilisiya tana rera duk abin da ya yi tashe a YouTube a makon.

Najeriya ta shigo ta ƙofar Ingila. T. K. E. Phillips ya yi karatu a Kwalejin Trinity ta Landan, ya dawo a 1914 ya riƙe ogan ɗin babban cocin Angilikan na Legas shekaru da dama, ɗalibinsa Fela Sowande kuma ya ci babbar jarrabawar masu ogan ta Ingila a 1943. Yau makarantar tauhidi ta Baftis da ke Ogbomoso tana da tsangayar kiɗan coci sukutum. A Arewa kuwa, nauyin yana kan shugaban kwaya mai koyar da do-re-mi a allo ba tare da an biya shi ko kwabo ba, da matan Zumunta masu tulu da ganga, waɗanda ke tsara waƙa daga ayar da aka karanta makon jiya, kowa ya tafi gida da ita a baki. Yawancin abin da ke cikin Littafin Waƙoƙi fassara ce da aka ɗora a kan karin Turawa, shi ya sa wani lokaci gaɓa gajera kan faɗa a dogon sauti, ko murya ta hau inda Hausa ke sauka, kalma ta fito a karkace. Matan Zumunta ba su cika yin wannan kuskure ba, domin daga maganar suke ciro karin. Duk makarantar tauhidin Arewa da ke tunanin buɗe irin wannan digiri, ina roƙon ta sa wannan cikin sharuɗɗan fita: ɗalibi ya zauna wajen matan nan zango guda, ya rubuta waƙoƙinsu da sunayen masu su, sannan ya tsara tasa da Hausa ko da harshen ƙauyensu, a rera a gaban dattawan da ke jin harshen su faɗi ko kalmomin sun tsaya daidai. Majalisar ikilisiya kuma ta fara yanke shawarar nawa za ta biya shi kafin a ɗauki ɗalibi na farko.