Wasiƙa Daga Plumstead: Matar Gwamna Lugga

 

Yau labarin Flora Shaw zan ba ku, matar da ta raɗa wa ƙasarmu suna Nijeriya. Ashe maƙwabciyarmu ce. A Woolwich aka haife ta a 1852, unguwar da ke manne da Plumstead inda nake zaune. Mahaifinta babban hafsa ne a rundunar igwa.

Kafin ta yi aure ta riga ta yi suna. Ita ce editar labaran ƙasashen mulkin mallaka a jaridar The Times, kuma a nan ta kawo shawarar sunan Nijeriya ranar 8 ga Janairu, 1897, alhali ƙafarta ba ta taɓa taka ƙasar ba. A 1902 ta auri Lugga, tana da shekara 49, shi yana da 44. Ta bi shi Zungeru, amma ko shekara ba ta yi ba ciwo ya kayar da ita, aka maido ta Ingila. Lokacin da aka ci Kano da Sakkwato a 1903 tana nan, tana kare mijinta a wurin manya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: ta yi ta kai gwauro tana kai mari don a yarda Lugga ya riƙa mulkin Arewa daga Landan na wasu watanni kowace shekara, saboda su zauna tare. Har wurin Churchill ta je, ya ƙi. Ku duba fa, ƙasa guda da sarakunanta, ana neman daidaita mulkinta da zaman auren mutum biyu! A 1906 Lugga ya ajiye aikin, daga baya suka tafi Hong Kong.

Amma a ba ta haƙƙinta. Littafinta na 1905, A Tropical Dependency, ya nuna wa Turawa cewa Songhai da Borno da ƙasar Hausa suna da tarihi da ilimi tun da daɗewa, ko da yake ita a ganinta Bature ne ya dace ya mulke su. Ta kuma taimaki 'yan gudun hijirar Beljiyam a yaƙin 1914. Ta rasu a 1929, ba su haihu ba.

Baba Malam, don Allah a tambayar mini dattawan gida ko akwai wanda ya ji kakanninmu suna ambatonta. A gaida kowa da kowa.