Gizo da Tautau: Tarihin Zaman Bahaushe da Gizo-gizo

Gabatarwa

A unguwannin Kaduna da ke arewacin kogi, kamar Unguwar Dosa da maƙwabtanta Badarawa da Kawo, da zarar damina ta kankama akan yawaita cin karo da wani babban gizo-gizo a bangon ɗaki, ko bayan ƙyaure, ko makewayi. Idan ya baje ƙafafunsa yakan kai faɗin tafin hannun yaro, ga shi kuma da gudu kamar walƙiya. Abin da aka saba yi shi ne a rarumi takalmi ko tsintsiya a bi shi. Amma kuma yaran da suka watse saboda ganinsa, su ne waɗanda ake ba labarin Gizo da Ƙoƙi suna dariya. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin hanyoyi uku da Bahaushe ya gaji ra'ayinsa game da wannan halitta, watau tatsuniya da addini da maganin gargajiya, domin a gano ta wace hanya tsoron ya shigo.

Gizo a Tatsuniya

Babu mai iya yanke lokacin da Gizo ya shiga tatsuniya, domin ta girmi rubutu. Abin da tarihi ya riƙe shi ne lokacin da aka fara sa ta a takarda. A 1885 J. F. Schön ya buga Magana Hausa, wanda yawancinsa ya samo daga bakin Dorugu, yaron da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. Daga 1911 zuwa 1913 aka buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar a birnin Belfast, juzu'i uku, daga rubuce-rubucen ajami da malamai suka yi, galibi a ƙasar Sakkwato. A 1913 ɗin dai R. S. Rattray ya fitar da tatsuniyoyin da Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Wannan ya nuna cewa fatake sun ɗauki Gizo tare da kayansu har Gwanja da Asante. A farkon shekarun 1970 kuma Ibrahim Yaro Yahaya ya shigar da shi azuzuwan firamare ta jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni.

Gizon da ke cikin waɗannan littattafai ba abin tsoro ba ne. Makwaɗaici ne, maƙaryaci, mai tsamin baki, wanda ƙarfinsa bai kai ya kawo ba, amma yakan yi wa giwa da zaki da kura wayo, wani lokaci har da sarki. Sau da yawa kuma wayon nasa yakan koma kansa. Hasali ma mai tatsuniya idan ta zo rufewa, a kan Gizo take jingina ƙaryar da ta shirya. Yana da ɗan'uwa a wajen Akan na Gana, watau Ananse, wanda bayin da aka kwashe suka ƙetare teku da shi zuwa Jamaika da Surinam. A can ma aikinsa ɗaya ne: nuna wa marar ƙarfi cewa dabara tana iya ka da mai ƙarfi. Sunan Gizo ya kuma zauna daram a harshe. Da shi aka sa wa bakan gizo suna, kuma da intanet ta iso, aka kira ta yanar gizo.

Gizo-gizo a Addini

Hanya ta biyu ita ce ta karatun allo da na littattafan sira. Sura ta 29 a Alƙur'ani mai girma sunanta Ankabut, ma'ana gizo-gizo, kuma a aya ta 41 an buga misali da raunin gidansa ga wanda ya dogara da wanin Allah. Akwai kuma labarin Hijira ta shekarar 622, lokacin da Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar suka ɓuya kwana uku a kogon dutsen Sauru kusa da Makka. An ruwaito cewa gizo-gizo ya yi saƙa a bakin kogon, masu nema suka ga saƙar suka juya. Malaman hadisi sun yi saɓani a kan ingancin wannan ruwaya ta saƙa, amma ta bazu ƙwarai a ƙasar Hausa ta bakin masu wa'azi da masu karatun Mauludi. Saboda ita ne ake samun dattawan da ke hana yara kashe gizo-gizo. Ashe ke nan addini ma bai koyar da tsoronsa ba. Ya nuna shi a matsayin halitta mai rauni, wadda kuma aka taɓa yin amfani da rauninta wajen kāriya.

Tautau da Ƙurji

Hanya ta uku ita ce tushen tsoron. Bahaushe yana da wani suna na gizo-gizo, watau tautau, kuma da wannan suna yake kiran wasu ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi da mutum kan wayi gari da su a wuya, ko fuska, ko haƙarƙari. Bayanin da aka gada shi ne cewa tautau ne ya bi ta jikin mutum yana barci ya yi masa fitsari. Hujjar a fili take ga mai kallo: ga ƙurji ya fito cikin dare a jere kamar sawu, ga kuma gizo-gizo a bango da safe.

Binciken likitoci ya nuna cewa irin waɗannan ƙuraje suna da sanadi biyu sanannu. Na farko ƙwayar cutar ƙarambau ce, wadda kan kwanta a jijiyar mutum shekara da shekaru bayan ya warke, sa'an nan ta farka ta fito a gefe ɗaya na jiki. Na biyu wani ɗan siririn ƙwaro ne mai launin baƙi da ja, wanda masana ke kira Paederus, tsawonsa bai fi santimita ɗaya ba. Ba ya cizo, ba ya harbi. Amma idan aka murtsuke shi a kan fata, ruwan jikinsa yakan sa ta tashi bayan kwana ɗaya ko biyu, a bisa layin da hannu ya shafa. Tun 1901 wani likita mai suna Vorderman ya ba da rahoton haka a tsakanin ma'aikatan wata hasumiyar fitilar jiragen ruwa a tsibirin Jawa, domin ƙwaron yana bin haske da dare. A Kenya ma an sha fama da shi bayan ruwan sama mai yawa na 1997 zuwa 1998.

Zaman Birni

Wannan bayani ya shafi Kaduna kai tsaye. Garin sabo ne idan aka gwada shi da Kano ko Katsina. Lugga ya zaɓi wurin saboda kogi da hanyar jirgin ƙasa, kuma a 1917 aka kammala dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru. Tun daga nan garin yake ta cin dajin da ke kewaye da shi, musamman bayan ya zama babban birnin Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, wadda aka sake wa suna Jihar Kaduna a 1976. Unguwanni irin su Unguwar Dosa sun cika da gidajen siminti masu silin da wutar lantarki, ga rafuka da fadamu ba nisa, ga damina ta kusan wata shida. Fitilar da ke ci a baranda tana janyo ƙwari iri-iri, har da mai sa ƙurji, kuma ƙwarin su ke janyo gizo-gizo, domin su ne abincinsa.

Babban gizo-gizon da ake gani a bango yawanci mafarauci ne. Ba ya saƙa tarko. Da rana yakan laɓe a tsaga ko bayan hoto, da dare ya fito kamun kyankyaso da sauran ƙwari. Tamatar wani jinsinsu takan riƙe farar jakar ƙwanta a ƙarƙashin ciki tana yawo da ita, abin da ke ƙara mata girma a ido. Yana iya cizo idan aka matse shi, amma cizon ba ya wuce zafi da ɗan kumburi. A 2022 adadin jinsunan gizo-gizo da masana suka rubuta a duniya ya kai 50,000, kuma ƙalilan ne daga cikinsu dafinsu ke da haɗari ga mutum.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa tatsuniya ta ba Bahaushe Gizo mai ban dariya, addini ya ba shi gizo-gizo mai rauni da ake tausaya wa, sai maganin gargajiya ya ba shi tautau mai fitsari. Wannan na ƙarshe shi ne ya haifi tsoro, kuma an ɗora masa laifin da yawanci na wasu ne. Illar wannan ba ta tsaya ga kashe mai cinye kyankyaso ba. Wanda ya ɗauki ƙurjin ƙarambau a matsayin fitsarin tautau yakan yi jinkirin zuwa asibiti, alhali maganinsa ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana uku na farko, kuma idan ƙurjin ya kusanci ido yana iya taɓa gani. Wanda kuma ƙaramin ƙwaron nan ya sauka a jikinsa, abin da ya kamata shi ne ya hure shi, ya wanke wurin da ruwa da sabulu.