Yadda Kiɗa Ya Shiga Jami'a Ta Ƙofar Asibiti

A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, asibitocin soja a Amurka sun cika maƙil da samarin da aka kwaso daga fagen daga, wasu sun rasa ƙafa ko hannu, wasu jiki garau amma hankali ya taɓu. Makaɗa da mawaƙa suka riƙa zuwa aikin sa kai, a turo fiyano har tsakiyar ɗakin majinyata, a ɗan yi nishaɗi a watse. Sai ma'aikatan jinya suka lura cewa wanda ya kwana biyu bai ce uffan ba yana kaɗa ƙafa a ƙarƙashin bargo, wani har ya kama amshi. Suka kuma ga ɗaya gefen: waƙar da ta sanyaya ran mai wannan gado ita ce ta fama wa maƙwabcinsa tsohon miki, makaɗi kuwa ya tsaya sororo. Daga nan asibitoci suka fara neman wanda ya san kiɗa, ya kuma san ciwo.

An taɓa gwada koyar da wannan fanni na jinya da kiɗa tun 1919, lokacin da Margaret Anderton, 'yar Ingila mai kaɗa fiyano wadda ta yi aiki da sojojin Kanada, ta buɗe darasi a Jami'ar Kolombiya ta birnin New York. Cikakken digiri kuwa sai 1944, a Kwalejin Jihar Michigan. Jihar ta dace da wannan, domin a asibitin Eloise kusa da Detroit akwai likitan ƙwaƙwalwa Ira Altshuler, wanda ya fito da dabarar da har yau ake koya wa ɗalibai. In ka tarar da majinyaci cikin ƙunci, kada ka auka masa da kiɗan murna. Fara da sauti mai nauyi irin na halin da yake ciki, sannan ka riƙa sauya taken a hankali har ya biyo ka. A ganina, hujjar kafa digirin duka tana cikin wannan dabara, don mai farantawa jama'a a dandali ba haka yake tunani ba.

A Jami'ar Kansas, E. Thayer Gaston ya dage sai an ɗora aikin kan bincike da awo, shi ya sa ake kiransa uban fannin a Amurka. Ƙungiyar ƙasa ta masu wannan sana'a ta kafu a 1950, ta tsara manhaja da rajista. Wata ta ɓullo a 1971 da nata salon horarwa, aka yi shekaru kowa na jan zarensa, sai 1998 suka haɗe. Kafin nan, a 1983, an kafa hukumar da ke shirya jarrabawar shaidar ƙwarewa.

Ingila ta bi tata hanyar. Juliette Alvin, makaɗiya haifaffiyar Faransa, ta kafa ƙungiya a 1958, daga bisani ta jagoranci kwas a makarantar Guildhall ta Landan. Paul Nordoff da Clive Robbins kuma suka gina tasu hanyar a kan ƙirƙirar kiɗa nan take tare da yara masu naƙasa: yaro ya bugi ganga yadda ya ga dama, mai fiyano ya amsa masa da irin bugunsa, har abin ya zama hira. A 1999 hukuma ta sanya sana'ar cikin ayyukan lafiya masu rajista, kuma a can sai da digiri na biyu ake shiga.

Ɗalibin Amurka na yau sai ya iya fiyano da jita da rera waƙa, ya karanta tsarin jikin ɗan Adam da halayyarsa, ya koyi rubuta rahoton majinyaci yadda likita zai karanta ya gane. Ba a barinsa ya zauna jarrabawar hukuma sai ya cika awa 1,200 na aikin asibiti, mafi yawansu a watannin ƙarshe, yana riƙe da jita a bakin gado, wani gogagge na zaune a gefe yana rubuta kurakuransa.