Harshe na Biyu a Makarantun Ikko: Daga Ina Maganar Ta Taso?

Tun da gwamnatin Jihar Legas ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu, maganar ba ta mutu ba a majalisun unguwa, daga Ebute Metta har Zangon Agege. Wani ya ce an ƙara wa yaranmu kaya, ga Turanci, ga Larabcin Islamiyya, yanzu kuma ga wani. Wani kuwa ya ce ai yaron da aka haifa a Oyingbo tun yana rarrafe yake jin Yarabanci, to mene ne na tada jijiyar wuya? Kafin kowa ya yanke hukunci, ya kamata mu waiwaya baya, domin ba yau aka fara wannan magana ba.

Zaman Hausawa a Ikko ya daɗe. A 1863 Bature John Glover ya tara Hausawa ya kafa rundunar da ake lissafawa a matsayin tushen sojan Nijeriya. Daga baya Hausa ta zama harshen bariki, har ya kasance kurtu ko daga wace ƙabila ya fito sai ya koye ta. A Arewa kuma gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa jami'anta Turawa jarrabawar Hausa. Ka ga ke nan, akwai lokacin da harshenmu ne ake tilasta wa wasu su koya.

Sai jirgin ƙasa ya zo. Layin dogon da ya tashi daga Ikko ya isa Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, Ebute Metta kuma ta zama cibiyar reluwe. Shanu da fatu suna gangarowa, huhunan goro suna hawa daga Agege. Fataken wancan zamani ba su shiga aji don koyon Yarabanci ba, a bakin ciniki suka koye shi. Dillalin da ba ya jin abin da mai gonar goro ke faɗa wa ɗansa, shi ake yi wa tsada. Wasu suka yi aure a nan, 'ya'yansu suka tashi da baki biyu. Larabci kuwa yana wurin malaman zaure da makarantun allo, kafin Shehu Adamu Abdullahi na Ilori ya kawo Markaz Agege a shekarun 1950.

A makarantar boko labarin daban ne. Dokar ilimi ta 1882 Turanci ta fifita, harsunan gida ba su samu wani matsayi ba. Musulmin Ikko suka daɗe suna ɗari-ɗari da makarantun mishan, sai a 1896 gwamnati ta buɗe musu makaranta tasu, inda aka haɗa Turanci da Larabci. Tun daga nan iyaye suka gane cewa yaro zai iya ɗaukar harshe fiye da ɗaya a aji, in dai akwai mai koyarwa.

Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, shugabanni suka shiga neman abin da zai ɗinke ƙasa. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta ce kowane yaro, ban da harshen gidansu, ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku: Hausa, Ibo ko Yarabanci. Tsarin mulkin 1979 ma ya ambaci harsunan nan uku a matsayin waɗanda za a iya gudanar da zaman majalisar tarayya da su tare da Turanci. A takarda abin gwanin sha'awa ne, ɗan Kano ya koyi Yarabanci, ɗan Ijebu ya koyi Hausa. Amma an rataya aiwatarwar ga samuwar malamai, malaman kuwa ba su wadata ba. Makarantu da yawa suka rubuta darasin a jadawali, aji ya zauna babu kowa.

Faransanci shi ma haka ya shigo. Nijar da Binin da Chadi da Kamaru duk Faransa ce ta bar musu harshen gwamnati, mu ne a tsakiya da Turanci. A 1991 aka kafa cibiyar koyon Faransanci a Badagry, nan kusa da mu. A 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci harshen hukuma na biyu, manufar ilimi ta 1998 kuma ta sa shi cikin darussan dole. Yau kusan shekara talatin ke nan, amma yaran makarantar gwamnati nawa ne za su iya ciniki da shi a kan iyakar Seme? Direbobinmu da ke zirga-zirga Kwatano, da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da muke zaune tare, sun fi masu takardar shaida iya shi.

Sai watan Fabrairun 2018, lokacin da Gwamna Akinwunmi Ambode ya sa hannu a dokar da ta wajabta Yarabanci a firamare da sakandare na jihar, na gwamnati da masu zaman kansu. Asalin dokar tsoron Yarabawa ne kada harshensu ya ɓace a bakin 'ya'yansu, musamman a makarantun kuɗi inda ake hana yara magana da harshen gida. Amma tunda a jihar muke, ta hau kanmu.

To me tarihin nan ya nuna mana? Na farko, doka ita kaɗai ba ta koya wa kowa harshe. Ta 1977 da ta 1998 duk sun yi tuntuɓe a kan rashin malami. Abin da ya kamata iyaye su tambaya a taron makaranta shi ne, wa ke koyar da darasin, kuma an yi tanadi wa yaron da ya zo daga Arewa jiya bai san ko gaisuwa ba? Haɗa shi jarrabawa ɗaya da wanda ya sha harshen a nono ba adalci ba ne.

Na biyu, jin harshen maƙwabci bai taɓa cutar da Bahaushen Ikko ba. Waɗanda suka ga rikicin Idi-Araba a 2002 da na kasuwar Mile 12 a 2016 sun san cewa ranar da gari ya rikice, dattawan da ke jin bakin kowane ɓangare su ake nema su zauna sulhu. Yaron da ya iya rubuta Yarabanci, ba jin sa kawai ba, zai iya shiga sakatariyar ƙaramar hukuma ko fadar Baale ya yi wa jama'arsa magana ba tare da tafinta ba.

Na uku shi ne wanda ya fi damun wannan unguwa. Muna gardama kan Yarabanci, alhali yaranmu da yawa ba sa iya karanta Hausa, ko ta boko ko ta ajami. Suna magana da ita a gida, amma ka miƙa musu wasiƙar kakarsu daga Katsina ka ga ikon Allah. Wannan ba gwamnatin Legas za ta gyara mana ba. Makarantun Islamiyyarmu suna da azuzuwa, muna da malaman da suka karanta Hausa a kwalejojin ilimi suna zaune cikinmu. In sarakunan Hausawa da kwamitocin masallatai suka ware ko da awa biyu ranar Asabar, yaro zai je boko ya koyi Yarabancinsa da Turancinsa, ya dawo unguwa ya koyi rubuta harshen iyayensa. Allah Ya ba mu ikon yi, Ya raya mana zuri'a.