Saitin sadarwa a FreeBSD: kanel da fayilolin tashi

A babbar manhajar FreeBSD, wadda ta fara fitowa a 1993, wurare biyu ne ke tsara yadda kwamfuta za ta yi sadarwa. Na farko shi ne kanel, wato zuciyar manhajar, mai ɗauke da saitin asali tun lokacin da aka haɗa shi. Na biyu kuwa fayilolin da ake karantawa yayin tashin na'ura. Daidaita su na nufin a tabbata abin da kanel ya zo da shi bai saɓa wa abin da fayilolin suka ɗauka a matsayin asali ba.

Da umarnin sysctl, wanda aka gada daga 4.4BSD, ake dubawa ko sauya saitin kanel. Saitin asali na tashi yana cikin /etc/defaults/rc.conf, fayil ɗin da ba a so a taɓa. Mai kula da na'ura yana rubuta nasa zaɓin a /etc/rc.conf, kuma nasa ne ke rinjaye. Akwai kuma /etc/sysctl.conf, inda ake rubuta sunayen saitin kanel kai tsaye.

Misali shi ne net.inet.ip.forwarding. Idan yana kan 0, na'urar ba ta miƙa saƙon wasu gaba. Idan yana kan 1, ta zama rauta. A rc.conf, gateway_enable ne ke juya shi. Wanda ya mayar da shi 1 da hannu, ya bar gateway_enable a kan NO, aikinsa zai tafi daidai har ranar da aka sake kunna hidimar routing, wadda ke karanta gateway_enable. A ranar saitin zai koma 0, kwamfutocin da ke bi ta na'urar su rasa intanet, ba tare da wata waya ta tsinke ba. Haka tcp_keepalive na rc.conf yake da net.inet.tcp.always_keepalive.

Muhimmancin daidaiton ya fi fitowa inda ba a bin fayilolin tashi, kamar yanayin gyara na mai amfani ɗaya. A nan saitin kanel kaɗai ke aiki, don haka duk wani saɓani zai sa na'ura ta nuna hali biyu, mai neman matsala ya yi ta lalube. Shi ya sa idan masu haɗa FreeBSD za su sauya saitin asali, ya kamata su gyara kanel da /etc/defaults/rc.conf da littafin bayanin rc.conf a lokaci guda.