Yadda ake bin sawun miyagun ƙwayoyi a Jigawa, da inda Auyo ta tsaya a lissafin

A watan Oktoba na 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shanye fiye da kwalabe miliyan uku na maganin tari mai kodin kowace rana a jihohin Kano da Jigawa. Tun daga lokacin adadin ke yawo a jaridu da bakin 'yan siyasa. Sai dai rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, UNODC, suka fitar a Janairun 2019 ya ƙiyasta masu shan irin wannan magani ba bisa ƙa'ida ba a faɗin Najeriya da mutum miliyan 2.4. Da wuya alƙaluman biyu su zama gaskiya lokaci guda, shi ya sa ya kamata a san inda kowane adadi yake fitowa.

Wancan rahoto shi ne babban ma'aunin da ake dogaro da shi. Ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64, wato kashi 14.4 cikin ɗari, sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekarar da ta gabaci binciken, kuma ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. Tabar wiwi ce kan gaba, sai dangin tiramadol. An ƙiyasta wa Kano kashi 16, Jigawa kuma kashi 7, mafi ƙaranci a Arewa maso Yamma. Amma ƙiyasin ya tsaya ne a matakin jiha, bai sauko ga ƙananan hukumomi ba, saboda haka Auyo da Dutse da Maigatari duk kaso ɗaya ya rufe su.

Abin da jama'a suka fi ji shi ne alƙaluman kame na hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, kuma Buba Marwa ya karɓi shugabancinta a Janairun 2021. Rundunarta ta Jigawa da ke Dutse kan bayyana yawan mutanen da ta kama da nauyin kayan da ta ƙwace, musamman a kusa da 26 ga Yuni, ranar yaƙi da shaye-shaye ta duniya. Kame yana nuna irin kayan da ke shigowa da hanyoyin da suke bi. Ba ya auna yawan masu sha, domin ƙaruwarsa na iya zama alamar ƙwazon jami'ai ne kawai. Akwai kuma bayanan cibiyoyin jinya, waɗanda tsarin NENDU ke tattarawa tun 2015, ƙungiyar ECOWAS kuma ke haɗa irinsu daga ƙasashen yankin ta tsarin WENDU. Su ma wanda ya isa asibiti kaɗai suke gani.

A nan ne Auyo ke kuɓuce wa lissafi. Ƙaramar hukumar tana cikin masarautar Haɗeja, kuma a cikinta aikin noman rani na Kwarin Haɗeja yake, inda shinkafa da alkama ke neman hannu kusan duk shekara. A karkarar Afirka ta Yamma an san tiramadol da sunan maganin gajiya: ɗan ƙwadago kan haɗiye shi da asuba don ya jure dashe ko yanka. Irin wannan mutum bai ɗauki kansa ɗan shaye-shaye ba, ba kasafai ake kama shi ba, asibitin ƙwaƙwalwa na jihar kuwa yana can Kazaure, a ɗaya ƙarshen Jigawa.

Kayan da kansu ba sa tsayawa wuri ɗaya. Bayan binciken BBC kan kodin, gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi a ranar 1 ga Mayu, 2018. A wannan shekarar Indiya, inda mafi yawan tiramadol ke fitowa, ta tsaurara dokar fitar da shi. NAFDAC ta amince da mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne kawai, amma wanda ake kamawa yakan kai 225. Da aka matsa wa tiramadol, sai ƙwayoyin da aka gauraya tafentadol da karisofurodol suka cika gurbin, kamar yadda wani binciken BBC ya bankaɗo a Fabrairun 2025, abin da ya sa Indiya ta hana haɗa su. A kasuwar bayan fage kuma ana samun diyazefam da Exol-5 da firegabalin, ga sholisho da ake shaƙa.

Duk wannan sauyi ya biyo bayan tattara bayanan rahoton 2019 ne. Wanda ya ɗauki kashi 7 na Jigawa ya tsara kasafin jinya da shi a yau, da ma'aunin zamanin kodin yake aiki.