Raga da Bututu: Tarihin Lissafin Gudun Ruwa da Kwamfuta



Duk injiniyan da ya nemi kwamfuta ta nuna masa yadda ruwa ko mai yake gudana cikin dogon bututu, tilas ne ya fara yanyanka cikin bututun zuwa ƙananan gurabu, kamar idanun raga, domin injin ya yi lissafi a kowane ido. Nan ne aiki yakan cije. Makasudin wannan lacca shi ne in nuna cewa wahalar ta girmi kwamfuta, kuma maganinta yana cikin tarihinta.

Navier ya rubuta ƙa'idojin motsin ruwa a 1822, Stokes ya daidaita su a 1845, amma warware su da alƙalami ya gagara, sai a 'yan wurare kaɗan. A 1883 Osborne Reynolds, a Manchesta, ya zirara launi cikin ruwan da ke bin bututun gilashi. Da ruwan yana tafiya a tsanake, launin ya miƙe kamar zare. Da gudu ya ƙaru, sai zaren ya watse. Lambar da ake kira da sunansa ita ke raba halayen biyu: in ta haura misalin 2,000, hargitsi yana iya farawa. A 1904 kuma Ludwig Prandtl na Jamus ya nuna cewa ruwan da ke manne da bango tsaye yake cik, kuma a wani siririn ɓangare kusa da bangon ne gogayya ta fi tsanani. Ku riƙe wannan, zamu komo gare shi.

Ita raga kanta, Lewis Fry Richardson na Ingila yana cikin waɗanda suka fara shimfiɗa ta. A littafinsa na 1922 ya rarraba sararin samaniya gida-gida don hasashen yanayi. Lissafin awa 6 ya ci masa kamar mako 6, amsar kuma ta fito ba daidai ba. Ya ƙiyasta cewa sai an tara masu lissafi 64,000 kafin a riƙa cim ma yanayin duniya. A 1928 Courant da Friedrichs da Lewy suka ƙara wani sharaɗi: a irin wannan lissafi, gwargwadon ƙanƙantar ido, gwargwadon gajartar takin lokaci. Watau raga mai laushi tsadarta biyu ce.

Da kwamfuta ta samu, sai abubuwa suka yi sauri. Harlow da Welch sun fito da hanyarsu a Amurka a 1965, Patankar da Spalding suka fito da tasu a Landan a 1972. A 1974 Thompson da abokan aikinsa suka nuna yadda raga za ta lanƙwashe ta bi siffar bango. A 1981 aka fara sayar da manhajar PHOENICS.

To, me ya sa dogon bututu ya ci gaba da ba da wuya? Domin awo uku ne a cikinsa waɗanda ba su jituwa: tsawo, da faɗi, da siririn ɓangaren nan na Prandtl. Alal misali, a ɗauki bututu mai tsawon kilomita 1 da faɗin santimita 10. In aka yi kowane ido milimita 1 ta kowace fuska, bakin bututun zai ci ido kusan 7,850, tsawonsa kuwa jeri 1,000,000. Jimla ta doshi biliyan 8. In kuma aka buɗa idanun don tsimi, sai gogayyar bango ta ɓace, lissafin faɗuwar matsi ya lalace, a sayo famfon da bai dace ba.

Magani na farko daga Prandtl yake: a matse idanu kusa da bango, a miƙar da su bisa tsawo, tun da can canji kaɗan ne. Sai dai a riƙa ƙara girmansu sannu a hankali, kada ƙarami ya yi maƙwabtaka da ƙato. Na biyu, kada a yanka da'irar kamar kankana, don idanun za su tsuke a cibiya. A sa murabba'i a tsakiya, a kewaye shi da zobba. Na uku, Launder da Spalding sun bayyana a 1974 yadda za a wakilci gefen bango da ƙa'idar da aka samo daga gwaji, maimakon dubban idanu.

Na huɗu ya fi duka tsufa. Bayan tafiyar da ta kai faɗin bututu sau 10 zuwa 60, ruwa mai hargitsi yakan daidaita, siffar gudunsa ba ta sāke canzawa. Saboda haka miƙaƙƙen sashe ba ya bukatar raga. Nikuradse ya auna gogayya a 1933 da bututan da ya manna wa yashi, Moody kuma ya tattara irin wannan sani a jadawalinsa na 1944. Da wannan ake lissafa miƙaƙƙen sashe, a keɓe raga ga kwana da mahaɗa da bawul.

Nasihata ga ɗalibai ita ce, in raga ta ƙi, a duba siffar aikin tukuna kafin a zargi injin, kuma kada a amince da amsa sai an ƙara laushin ragar an ga ba ta canza ba. Ku kuma ma'aikata masu karɓar rahoton 'yan kwangila, ku tambaya ko an yi wannan gwaji kafin ku sa hannu, domin rigakafi ya fi magani.